Yaronmu Ya Ce Sai Lauya



Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, akwai tambayar da ba ta wuce mu a ƙofar masallaci. Uba zai ja mu gefe bayan an sallame, ya rage murya kamar mai neman rance, ya ce: Malam, yaron nan ya nace sai lauya, shin ya halatta kuwa? Yanzu ma 'yan mata sun fi nacewa. Amsar da ake bayarwa a majalisa kuwa gajera ce. Lauya maƙaryaci ne, dokar Bature ce, a tura shi likita ko injiniya. Sai wani ya ƙara da cewa ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya nan a Bosso da Gidan Kwano, me zai kai yaro har Zariya ko Kano?

A ganinmu an yi gaggawa a wannan amsa. Kafin a ce abu halal ne ko haram, ai sai an san mene ne shi.

Karatun lauya a jami'o'in ƙasar nan shekara biyar ne, sannan a yi kusan shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda hedikwatarta ke Bwari, nan kusa da mu, tana kuma da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Mu idan aka ce lauya, abin da ke zuwa mana a rai shi ne mai baƙar riga da farin gashi yana kare ɓarawo. Wannan ɓangare ɗaya ne kawai, wato shari'ar laifuka. Babban kaso na karatun a kan hulɗar mutum da mutum yake, inda babu ɗan sanda babu gidan yari: wane ya sayar wa wane, wane ya ci bashin wane, katangar wane ta faɗa wa akuyar wane, gidan mamaci na wa ne. A Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, Zariya, sashe guda aka ware wa wannan fanni, kusa da sashen Shari'ar Musulunci. A shekara ta biyu ɗalibi yake shiga dokar yarjejeniya, a ta uku dokar ɓarna da diyya da dokar kasuwanci, a ta huɗu dokar filaye da ta riƙon amana da ta shaida. Duk wanda ya yi Islamiyya ya ji waɗannan sunaye zai ce ai mun san su. Su ne babin ciniki, babin ijara, babin jingina, babin lamuni, babin wakilci, babin rabon gado. Malamanmu mu'amalat suke ce musu.

To a nan ne abin kunyar yake, kuma namu ne gaba ɗaya. Yawancinmu mun karanta Ahalari da Ishmawi, mun iya tsarki da sallah da ƙabli da ba'adi, alhamdu lillahi. Amma littattafan nan biyu ba su taɓo ciniki ba. Sai an shiga Risala an yi nisa ake riskar babin saye da sayarwa, kuma kafin a kai can yaro ya riga ya zauna a shago. Ga shi an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai san hukuncin ciniki ba zama a kasuwa. Da za a bi Kasuwar Kure rumfa-rumfa da wannan doka, da wuya a bar mu da yawa a zaune. Mutum ya shekara talatin yana karɓar kafin alƙalami, bai san hukuncinsa ba idan ciniki ya watse, amma shi ne zai fara cewa karatun lauya haram ne.

Bari mu ɗauki misali daga abin da ake koya musu, don a ga kamanninsa. Kowane ɗalibin lauya a ƙasashen da Ingila ta mulka ya san shari'ar dodon koɗi ta 1932. Wata mata ce a garin Paisley na Sikotilan, abokiyar tafiyarta ta saya mata lemon citta a kwalba mai duhu, ta sha rabi, da aka tsiyaye sauran sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi, inji ta. Ta kwanta ciwo. Matsalarta ita ce ba ita ta biya kuɗin ba, saboda haka babu ciniki tsakaninta da kowa, balle mai kamfanin da bai taɓa ganinta ba. Kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin ta ce duk da haka tana da damar neman diyya, domin duk wanda aikinka zai iya cutarwa maƙwabcinka ne a idon doka, wajibi ne ka kiyaye shi. Wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malikawa tun da can suka ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su, irin su tela da marini da mai wanki, ko da sun ce ba da gangan kaya suka salwanta ba, don kada dukiyar mutane ta tafi a banza. Mai haɗa zoɓo da kunun aya a gidajenmu ya kamata ya san labarin matar nan, haka mai cika buhunan ruwan leda.

Akwai kuma inda hanyoyin biyu suka rabu, kuma ba ƙaramar rabuwa ba. A dokar Ingila da muka gada, alkawarin da ba a ba da komai a madadinsa ba, a ƙa'ida ba ya ɗaure mutum a kotu. Idan Alhaji ya ce wa yaron shagonsa, je ka nemi aure ni zan biya sadaki, yaro ya je ya nema an ba shi, Alhaji ya noƙe, lauya zai sha wahala kafin ya samo masa mafita. A mashahurin zancen Malikiyya kuwa, tunda alkawarin ne ya jefa yaron cikin ɗawainiya, alƙali zai tilasta Alhaji ya cika. Haka batun aibi. Tsohuwar ƙa'idar Turawa ita ce mai saye ya buɗe idonsa, sai daga baya dokar sayar da kaya ta 1893 da hukunce-hukuncen kotuna suka sassauta ta. Mu kuwa tun farko an wajabta wa mai sayarwa ya faɗi aibin kayansa. Wanda ya jera ƙwaryar doya a Gwada ya tura masu tabo ƙasa ya ɗora lafiyayyu a sama, ko kotu ba ta kama shi ba ya san abin da ya aikata. Riba irin ta banki kuwa ba sai mun tsaya a kanta ba, kowa ya san matsayinta.

Mai ƙin karatun zai ce, to kun gani, dokar ta saɓa wa tamu, me ya sa za mu miƙa mata 'ya'yanmu? Tambaya ce mai nauyi, ba ma raina ta. Sai dai mu duba inda muke zaune. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 277, ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran iyali: aure, saki, riƙon yara, kyauta, wasiyya, waƙafi da gado. Ranar da ka yi ciniki da kamfani, ko ka shiga banki, ko ka sayi fili mai takardar gwamnati, ko ka ɗauko kaya daga Onitsha a hannun wanda ba Musulmi ba, ka shiga ƙarƙashin waccan doka ko ka so ko ka ƙi. Rashin saninta ba ya fitar da kai daga cikinta, sai dai ya sa a yi maka hukunci da abin da ba ka fahimta ba.

Ga abin da ya taɓa faruwa. A 1971 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Adesubokan da Yunusa. Wani Musulmi ne ya rubuta wasiyya irin ta Turawa, ya raba dukiyarsa yadda ya ga dama, ya fifita wasu 'ya'ya a kan wani. Ɗan da aka tauye ya kai ƙara, ya ce a mazhabar Malikiyya wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Kotun farko ta ba shi gaskiya. Kotun Ƙoli ta rushe, ta ce dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ta ba mamacin 'yancin yin yadda ya so. Dokar da aka yi a Landan lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana ƙarshen rayuwarsa, ita ta raba gadon Musulmi a Nijeriya. Daga baya wasu jihohi suka gyara dokokinsu na wasiyya don toshe wannan ƙofa. Su wa suka yi gyaran? Mutanen da suka san dokokin biyu, suka san inda za a sa hannu. Haka a 1998, a shari'ar Alkamawa da Bello, Mai Shari'a Bashir Wali na Kotun Ƙoli ya bayyana cewa Shari'ar Musulunci ba al'adar wata ƙabila ba ce, kuma kotun ta tabbatar da hukuncin Malikiyya cewa shuf'a, wato haƙƙin a fara yi maka tayin saye, na abokin tarayya ne a cikin dukiya, ba na maƙwabci ba. Da babu irinsu a kan kujerar, wa zai faɗi haka?

Ba ma sai mun je nesa ba. Marigayi Shaikh Ahmad Lemu, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a nan Minna a Disambar 2020, ya yi karatu a makarantar shari'a ta Kano, ya yi a Landan, ya zama Alƙalin Alƙalan jihar nan. Babu wanda ya ce karatun Landan ya rage masa addini. Jihar nan ta ba ƙasa Babban Jojin Nijeriya, marigayi Idris Legbo Kutigi, daga 2007 zuwa 2009. Makarantar koyon aikin shari'a da ke cikin garin nan sunan mace take ɗauke da shi, Mai Shari'a Fati Lami Abubakar, wadda ta riƙe babbar kotun jiha. Masu tambaya a kan 'ya'ya mata su riƙe wannan.

Amma mu mazauna unguwa irin tamu muna da dalilin da ya fi waɗannan kusa da wuya, shi ne ƙasar da gidajenmu ke kai. Kakanninmu sun biyo layin dogo ne, wanda ya taso daga Baro ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911. Sun tarar da Gwarawa masu ƙasa, aka nuna musu wuri, aka ba da goro, aka yi fatiha, shi ke nan. Ba takarda, ba awo. A lokacin fili ba shi da wata daraja, daji ne. Sai Minna ta zama babban birnin jiha a 1976, sai ga dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta mayar da filayen jiha amana a hannun gwamna, ta ce abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne, kuma a cikin birni ba a sayar da wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Yau jikan wanda ya ba da wuri da jikan wanda aka bai wa suna iya tsayawa gaban alƙali, ɗaya ya ce aro ne, ɗaya ya ce saye ne, kuma kowannensu da gaske yake, domin abin da kakansa ya gaya masa ke nan. A al'adun ƙasa da yawa ba a san sayar da ƙasa bakin rai bakin fama ba, aro aka sani. Ɗalibin lauya yana karanta wannan ma, domin dokar al'ada tana cikin manhajarsa. Muna buƙatar yaron da zai iya zama tsakanin dattawan ɓangarorin biyu, ya san abin da Shari'a ta ce, da abin da al'adar masu ƙasa ta ce, da abin da takardar gwamnati ta ce, ya sasanta tun magana ba ta kai kotu ba. Zaman lafiyarmu da masu masaukinmu ya fi kowane fuloti tsada.

Duk wannan bai taɓo ainihin abin da ke damun iyaye ba, mun sani. Abin da suke tsoro shi ne zuciyar yaron. Kuma suna da hujja, domin doka tana koya wa mutum wani abu mai hatsari: bambanci tsakanin abin da yake gaskiya da abin da za a iya tabbatarwa.

Ku duba shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989. Mutum ya jinginar da gidansa ya karɓi bashi. Da banki ya tashi sayar da gidan saboda ba a biya ba, sai mai gidan ya garzaya kotu ya ce jinginar ba ta inganta ba, domin ba a nemi amincewar gwamna ba. Wa ya kamata ya nemo amincewar? Shi ɗin dai. Kotun Ƙoli ta duba lafazin doka ta ba shi nasara. A aji ana karanta wannan a matsayin babbar shari'a, kuma daga baya kotuna sun yi ta ƙoƙarin hana mutum cin ribar sakacin kansa ta wannan hanya. Mu abin da ya tsaya mana a rai daban ne: akwai lauyan da ya zauna ya gano wannan rami, ya nuna wa mai bashi. Ya yi aikinsa da ƙwarewa. Shin ya yi daidai?

Ko kuma batun wa'adi. A dokar da ake koyarwa, bashin ciniki idan ya shekara biyar ko shida, gwargwadon jiha, ba a kai ƙara ba kuma wanda ake bi bai sake amsa shi a rubuce ko ya rage wani abu ba, kotu ba za ta saurare shi ba. Mu 'yan kasuwa mun san yadda muke: ka ba mutum kaya, ka yi ta jin nauyinsa shekara da shekaru saboda tare kuke sahu ɗaya. Ranar da ka gaji ka kai ƙara, lauyansa ya miƙe ya ce lokaci ya wuce. Kada mu yi saurin zagin Bature a nan, domin mu ma muna da hauzi. A Malikiyya, idan bare ya riƙe gida ko gona shekara 10 yana gini yana rushewa, mai shi yana gari yana gani bai ce uffan ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, alƙali ba zai saurari ƙararsa ba. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo sosai. Hikimar ɗaya ce, shaidu suna mutuwa, mutane suna mantuwa, dole rigima ta sami ƙarshe. Sai dai malamanmu sun ƙara wata kalma da ba a faɗa a ajin jami'a: hauzi yana rufe bakin mai ƙara ne kawai, ba ya mayar da kayan wani naka. Idan ka san gonar ba taka ba ce, shekara ɗari ba ta halatta maka ita. Asalin wannan yana cikin hadisin Ummu Salama da ke Muwaɗɗa da Buhari, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu husuma cewa wani na iya fin wani iya baki har a yanke masa, kuma abin da ya karɓa ta haka wuta ce ya ɗiba.

Saboda haka abin da muke gaya wa iyaye shi ne, wakilci a shari'a halal ne. Littattafan alƙalanmu irin su Tuhfa sun yi masa babi, kuma mai rauni da marar baki da matar da aka danne wa gado sun fi kowa buƙatarsa. Kare wanda ake tuhuma don a tabbatar an bi ƙa'ida kafin a hukunta shi, shi ma ba laifi ba ne. Abin da aka hana a Suratun Nisa'i shi ne ka tsaya wa maha'inci alhali ka san maha'inci ne. Idan mutum ya shigo ofis ya ce, gaskiya ana bi na kuɗin nan amma shekara bakwai ke nan, ka kore mini shi, to yaronmu yana da zaɓi, kuma jami'a ba za ta yi masa zaɓin ba. Zai iya gaya masa abin da doka ta ce, domin ɓoyewa ma ha'inci ne, sannan ya ce masa, Alhaji, ka biya mutumin nan ko a hankali ne, ni ba zan tsaya maka a wannan ba. Zai rasa kuɗin aiki a ranar. Mu da muke auna hatsi mun san wannan jarrabawa, kullum mudu yana hannunmu mai saye yana kallon wani wuri. Ba mu ce a daina kasuwanci ba saboda ana tauye mudu.

Wani abu kuma, tunda muna maganar takarda. A unguwar nan idan ka ce wa ɗan'uwa a rubuta, sai ya ɓata rai ya ce ba ka yarda da ni ba ke nan. Wallahi wannan ɗabi'a ta cinye zumunci fiye da yadda ta gina. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga Sahabbai aka fara karanta ta, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Rubutu ba don ku biyu ba ne, don ranar da ɗayanku ba ya nan ne, marayu suna tambaya, abokin ciniki yana rantsuwa, babu mai raba gardama. Gidaje nawa ne a nan aka bar gadonsu ba a raba ba har jikoki suka tasa, yanzu ba mai iya sayarwa ba mai iya gyarawa, rufi yana zuba kowa yana jiran wani? Kuɗin adashi nawa ne suka bi uwar adashi kabari?

Wanda zai tura yaro, shawararmu ya duba jami'o'in da ke haɗa dokokin biyu a digiri ɗaya, kamar Bayero a Kano da ɓangaren Shari'a na Kongo, ya kuma tabbatar yaron ya sauke babin ciniki da na gado a gaban malami kafin ya tafi, ko ya riƙa ɗauka a lokacin hutu. Mu kuma da muka wuce shekarun JAMB, muna roƙon limaman unguwa da shugabannin 'yan kasuwa a duba yiwuwar buɗe babin ciniki na Risala tsakanin Magariba da Isha, ko da kwana biyu ne a mako. Idan ɗalibanmu na lauya sun zo hutu su zauna tare da mu, malam ya karanta hukuncin jingina, su kuma su gaya mana yadda kotu za ta kalli takardar da muka saba rubutawa a gaban mai unguwa. Duk mai irin wannan takarda a ƙarƙashin katifa ya zo da kwafinta.